Gurmin Iro a Ƙusa

Talata, 6 ga Mayu, bayan La'asar

An yi sadakar bakwai. Mutane sun watse, an bar ni da tabarmi da kwanuka da ciwon kai.

Wannan littafin waƙoƙinka ne, Maigida. Shekara ashirin da shida kana faɗa ina rubutawa, tunda kai ajami kaɗai ka iya, shi ma in ya kwana biyu sai ka kasa karanta hannunka. Ni da na tsaya a aji shida na zama magatakardar Iro Mai Gurmi. Yau na juya littafin ta baya na fara nawa. Ban taɓa kiran sunanka da bakina ba, ga shi na rubuta. Ka yafe mini.

Ina takaba. Ba fita, ba kwalli, ba turare. Yayarka Hajiya Zainab ta tare a ɗakina, wai za ta taya ni zama. Gadi ta zo yi.

Yaya Babaji bai zo ba. Ranar jana'iza ya zo, ya tsaya a sahun ƙarshe, da aka sallame wasu samari suka bi shi da ihu har bakin titi. Mutum mai shekara saba'in! Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya ba ka aurena. Yau ba shi da ikon taka zauren gidan ƙanwarsa.

Laraba, 7 ga Mayu, da hantsi

Bari in rubuta yadda abin yake, don tun safe na ji an ba da shi iri uku.

Kai da Yaya tare kuka yi amshi a wajen marigayi Malam Ɗanliti tun kuna samari. Da ya rasu kowa ya kama gabansa, kai da gurmi, shi da kukuma. Tun daga nan kuke yi wa juna zambo. Duk bikin da aka gayyaci ɗaya sai ya taɓa ɗayan, a yi ta dariya, a jira amsa a biki na gaba. Ka ce da shi mai sanƙo kamar gindin tulu, ya ce da kai mai wuyan zalɓe. Shekara talatin Katsina na jin daɗin faɗan nan. Ranar sallah kuma ku zauna a tsakar gidan nan kuna cin tuwo kwano ɗaya, ina jin ku daga madafa kuna musun wanda ya fi jin jiki a bana.

Sai bikin Kambarawa, sati ɗaya bayan ƙaramar sallah. Yaya ya ce:

*Iro, gurminka ya gaji, kai ma ka gaji,*
*Kafin ruwan fari ya sauka an rataye shi a ƙusa.*

Aka yi guɗa, aka yi liƙi. Bayan kwana ashirin da huɗu ka rasu.

Yanzu wani ya yanko baitin nan kaɗai, ya liƙa hotonka a gefe, yana yawo a wayoyin mutane. Waɗanda suka yi guɗar su ne yau ke cewa bakin Babaji ya kama ka. Ba wanda ya tuna bara kai ma ka ce kura za ta ja shi a Ƙofar Kaura. Ga shi nan har yau kura ba ta zo ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, da yamma

Matan da ke zuwa gaisuwa ba ni suke gaidawa ba. Fuskata suke karantawa.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan Azahar

Garba, wanda ya yi maka wanka, ya kasa riƙe bakinsa. Ya faɗa a majalisa wai ƙafafunka da cikinka a kumbure suke. Mai wankan gawa ana ba shi amana ne, ba jarida aka ɗauke shi ba. Yanzu magana ta tashi daga baki ta koma sammu.

Na san ƙafafun nan. Ni na sayo safa mai faɗi. Ni na kai wandunanka wajen tela a wata unguwa don kada na nan ya yi tambaya.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan. Na dafa Alƙur'ani.

Lahadi, 11 ga Mayu, da safe

Mannir ya fasa komawa Kaduna. Autana, wanda Yaya ya yi wa huɗuba, wanda ya koyi tafiya yana riƙe da gefen rigarsa. Yau na ce ya je Kambarawa ya duba kawunsa, ya ce, "Umma, ba ni da kawu."

Na ce, "Maimaita."

Bai maimaita ba, amma bai janye ba. Hajiya na gefe tana jan carbi, ta ce, "Ƙyale yaro, Suwaiba. Jini shina magana."

Na ce, "Hajiya, jinina ma yana jikinsa, kuma irin na Babaji ne."

Ta ce, "Ai shi muke tsoro."

Na tashi na shiga banɗaki na yi kukana a can. A gidan mijina sai na nemi wurin kuka.

Talata, 13 ga Mayu, bayan La'asar

Yau kuma zuma ce.

Duk shekara Yaya kan aiko maka da zuma daga wajen wani mai amya a Batsari, saboda murya. Kai kuma ka aika masa citta da kanumfari. Haka kuke tun kafin a haifi Mannir. Ta bana na nan a kan kantar ɗakinka, ba a ko buɗe ba. Hajiya ta gano ta, ta ɗauko ta da tsumma kamar ta kama kunama, ta fito da ita gaban mata shida da suka zo gaisuwa.

"Ku gani! Daga Kambarawa ta hito. Iro bai taɓa ta ba. Mi ya sa? Ya san abin da ke ciki."

Ɗaya ta ce, "To ai ba sai an sha ba, Hajiya. Wani ƙamshin kaɗai ya isa."

Wallahi ban san lokacin da na fizge kwalbar ba. Na ɓalle murfin, na sa yatsa na lasa. Na ƙara. Na ɗauko cokali na sha uku a gabansu. Na ce, "In na faɗi ku kira Garba ya ba gari labari."

Ba wadda ta yi dariya. Da za su fita na ji wata na cewa, "Ita ai ba zai kama ta ba, 'yar gida ce."

To me zan yi musu? In na mutu, shi ne. In ban mutu ba, shi ne.

Na san dalilin da ya hana ka shan zuma, kamar yadda na san dalilin da ya sa shayinka ya koma salam. Kana cewa baƙi wai zaƙi na ɓata murya, ni kuma ina gyaɗa kai kamar wawuya.

Zumar da daɗi. Ya zaɓo maka mai kyau.

Laraba, 14 ga Mayu, da asuba

Na yi fushi da kai yau. Na yi maka addu'a, amma na yi fushi.

Juma'a, 16 ga Mayu, da rana

Kausar, ɗiyar Yaya, ta shigo lokacin da maza suka tafi masallaci. Ta rame. Ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, Baba zai kashe kansa da yunwa."

Ta ce tun ranar jana'iza bai fita ba. Ya cire tsirkiyar kukumarsa da hannunsa. 'Yan amshinsa biyu sun gudu, na ukun yana zuwa ya zauna a ƙofa ya tafi. Mutanen da suka riga suka gayyace shi biki duk sun aiko a ce masa an ɗaga. An rubuta wani abu da gawayi a bangon gidan, ta wanke, aka sake. Koko kaɗai yake kurɓa, shi ma sai ta yi kuka.

Na ce, "Ba ya musantawa?"

Ta ce, "Gwaggo, shi ne abin. Duk wanda ya shiga sai ya ce masa, ‘Gaskiya suka hwaɗi, ni na kashe shi. Allah ya ba ni baki na yi ɓarna da shi.’ Jiya ya ce a kira masa 'yan sanda."

Ashe ba gari kaɗai ya yarda ba, har shi.

Ta tambaye ni, "Baba Iro ya yi ciwo ne kafin nan?" Na ce ta gaida gida. Na ba ta sauran zumar na ce ta zuba masa a koko. Ta ce ba zai sha ba in ya gane kwalbar.

Asabar, 17 ga Mayu, da yamma

Na buɗe akwatin ƙarfe, na duba ledar nan baƙa, na mayar. Takardun na nan duka, da kwanan wata a kan kowace. Ta farkon tun watan Mayun bara.

Duk wata muna cewa za mu Zariya gaida ƙawata. Ba ni da ƙawa a Zariya.

Litinin, 19 ga Mayu, da hantsi

Hadari ya haɗu jiya ya watse. Ban taɓa roƙon Allah ya jinkirta ruwa ba sai bana. Astagfirullah. Manoma na jira.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan La'asar

Ya sauka. Ruwan fari, mai ƙarfi, har ya shigo zaure.

Gurminka na rataye a ƙusa a ɗakinka. Ni na rataye shi, don kada ɓera ya ci fatar. Ina kuma zan ajiye shi? Hajiya ta kira maƙwabta su leƙa su ga yadda magana ta cika. Wani yaron maƙwabta ya ɗauki hoto. Ba a jima ba Mannir ya nuna mini a wayarsa, hoton ƙusar ɗakinka da muryar Yaya a kai.

Ƙusar da kai ka kafa da hannunka shekara goma sha biyar da suka wuce, kullum nan kake rataye shi in ka dawo daga wasa!

Alhamis, 22 ga Mayu, da safe

Kausar ta bugo. Da ya ji ruwa a kan kwano jiya, Yaya ya fito tsakar gida ba hula ya zauna a ciki har aka ɗauke. Yau zazzaɓi. Ya ƙi magani. Ya ce mata, "Ki bari in bi shi in ba shi haƙuri."

Maigida, ka ce kada kowa ya sani. Ka ce mawaƙin da aka ji yana ciwo ya gama, sai dai a riƙa zuwa ana kallonsa da idon tausayi. Na yarda. Ka sa na yi alwala na dafa. Amma ka rantsar da ni don in rufa maka asiri ne, ba don in zauna ina kallon yayana na mutuwa a kan laifin da bai yi ba. Kai ka tafi da mutuncinka cif, ka bar ni da wannan.

Alhamis, bayan Azahar

Na aika Mannir ya kira Malam Sada, limamin unguwa. Ya tsaya a zaure, ni ina bayan labule. Bayan doguwar gaisuwa na ce, "Allah gafarta Malam, mutum ya yi rantsuwa ga wanda ya rasu, yanzu rantsuwar na neman halaka mai rai. Ya zai yi?"

Bai tambaye ni wace rantsuwa ba, Allah ya saka masa. Ya ce wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya aikata alherin ya yi kaffara. A ciyar da mabuƙata goma, ko a tufatar da su. In ba hali, azumi uku.

Na ce, "Mai takaba fa, tana fita?"

Ya ce, "In akwai lalura ta fita da rana, ta dawo ta kwana ɗakin mijinta."

Hajiya daga ciki ta ɗaga murya, "Malam, a gidanmu ba a taɓa yi ba!"

Ya ce, "Hajiya, littafi aka tambaye ni, ba gidanku ba."

Rabona da murmushi tun watan jiya.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan Magariba

Na je. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Na ce wa Mannir ya raka ni. Ya ce ba zai shiga gidan ba. Na ce, "Ka tsaya a bakin ƙofa, amma ka buɗe kunnenka." Hajiya ta biyo mu har zaure tana cewa na fasa takaba, na tozarta ƙaninta. Na sa hijabina na wuce, leda a hammata, littafin nan a hannu. Muka hau keke napep. Tun daga Ƙofar Kaura har Kambarawa ban ɗaga kai ba.

Yaya na kwance a tabarma, ya zama kamar kara. Da ya gan ni ya juya fuska bango.

"Suwaiba, mi ya hito da ke? Kin zo ganin wanda ya maishe ki gwauruwa?"

Na ce, "Na zo ganin wawan da ya ɗauka shi ne Mala'ikan Mutuwa. Tashi zaune, Yaya."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya tashi.

Na zazzage ledar a gabansa. Na ce Kausar ta karanta kwanan watan, tunda ita ta yi makaranta mai zurfi. Na faɗa, kuma yanzu zan rubuta: ciwon suga ne, shekara huɗu, ya zo ya taɓa ƙoda. Tun bara likitan asibitin Zariya ya ce sai an riƙa wankin ƙoda, ka ƙi, ka ce in aka fara kowa zai sani. Ni ke yi maka allura safe da yamma. Wata goma sha ɗaya kafin bikin Kambarawa likita ya gaya mana abin da ke tafe.

Na zaci zai ji sanyi. Sai ya dafe kai ya ce, "Inna lillahi. Ashe mara lahiya na tsaya ina yi wa dariya gaban jama'a. Shina mutuwa ina cewa ya gaji! Wannan ai ya hi wancan muni. Don mi ba ku gaya mani ba?"

Na ce, "Saboda kai aka rantsar da ni. Cewa ya yi, ‘Ko kowa zai ji, ban da Babaji. In ya ji zai daina zagina. Ranar da Babaji ya daina zagina, na mutu tun ina numfashi.’"

Na ji motsin Mannir a bakin ƙofa.

Na buɗe littafin ta gaba, shafin ƙarshe da ka faɗa na rubuta. Na gaya masa ranar da aka kawo maka waƙar a waya ka saurara sau biyar, ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce, "Ɗan banza ya ci ni, kawo biro." Kwana uku kana kwance kana gina amsa. Na karanta masa da muryata mara daɗi:

*Babaji, na ji ka kafa mini ƙusa,*
*Kafa ta da kyau, hularka za ta hau,*
*Sanƙo ya sha iska, tsuntsaye su sami madubi.*
*In na rataye gurmi, ɗan Kambarawa,*
*Wa za ka zaga ka samu na tuwo?*

Nan ka tsaya. Washegari ba ka iya magana ba.

Yaya ya yi wani sauti, ban san ko kuka ne ko dariya ba, ina ga duka biyun. Ya daɗe a haka. Sannan ya share ido da hannun riga ya ce, "Sake karanta na ukun."

Na sake.

Ya ce, "Ya yi tsawo. Kullum haka yake, sai ya cusa kaya a baiti kamar buhun ɗan koli. Wane gurmi zai ɗauki wannan?"

Na ce, "Sai ka je ka gaya masa."

Ya ce, "Ba yanzu ba." Ya dubi Kausar. "Akwai wani abu a tukunya?"

Mannir ne ya shigo da buta ya zuba masa ruwa a hannu. Kausar ta ajiye kwano. Loma huɗu Yaya ya yi. Na ƙirga.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan Magariba

Na yi kaffara. Shinkafa da wake na dafa, da mai da yaji, Mannir ya kai wa mutum goma a bakin masallacin Juma'a da ƙofar asibiti. Ka yafe mini, Maigida. In ba ka yafe ba, mu haɗu a can mu yi ta.

Na nuna wa Hajiya takardun. Ta juya su sama da ƙasa, ta ce takarda ai mutum ke rubuta ta. Amma da yamma na same ta a ɗakinka ta rungume safarka tana kuka, tana cewa, "Ni yayarka, ka ɓoye mani?" Na zauna kusa da ita.

Talata, 27 ga Mayu, da hantsi

Sabon labari a gari: wai ni da Yaya muka haɗa baki, takardun ma saye muka yi. Mannir ya so ya sa hotonsu a waya kowa ya gani, na hana. Na karya rantsuwa don mutum ɗaya, ba don majalisar Garba ba. Su ci kansu.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan La'asar

Yaya ya zo. Da rana tsaka, da hularsa, yana dogara sanda, Mannir na riƙe da hannunsa. Mazauna bakin titi suka kau da kai, ya yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya har sai da kowa ya amsa. Hajiya ta shige ɗaki, amma ta aiko da ruwa.

Ya zauna inda kuke cin tuwon sallah. Ya dubi ƙofar ɗakinka, bai shiga ba.

Ya ce, "Waƙar nan ba a barin ta rabi. Ba a taɓa cin Iro ya yi shiru ba, ba kuma za a fara daga kaina ba. Ni zan ƙarasa mashi, in rera ta a bikin farko da aka kira ni, ko mutum uku ne a wurin."

Na ce, "Kai za ka zagi kanka?"

Ya ce, "Wa ya hi ni sanin inda ke mani ciwo? Baitin nan na uku kuma a bar shi yadda yake, da tsawonsa. Kawo biro."

Zan tsaya nan. Yana jirana, har ya fara gunguni yana kaɗa yatsa a gwiwa. Bari in juya littafin ta gaba.